Kawuna Ne Ya Riƙe Ni, Amma Aikinsa Na Cin Ƙirjina

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 24. Shekara biyu ke nan ina aiki a ƙaramar masana'antar kawuna a nan Kaduna, muna haɗa sabulun ruwa da bilic da ruwan wanke masai. Mu biyar ne a ɗaki guda mai rufin kwano da taga ɗaya. Haka muke kwaɓa soda, mu juye asid da kulorin daga wannan jarka zuwa waccan, babu safar hannu, sai ƙyallen da muke ɗaurawa a hanci. Hannuwana duk sun tsattsage, in na zo alwala kamar an barbaɗa min barkono.

Mako uku da suka wuce wani yaro ɗan shekara 16 da ke koyon aiki ya juye ragowar bilic a bokitin da aka auna asid. Nan take wani wari ya turnuƙe ɗakin, muka fito a guje muna tari, idanu na zubar da ruwa. Kawu ya sayo mana madarar gwangwani, ya ce tsautsayi ne, ya yi wa yaron faɗa. Tun daga ranar nake tari da daddare, in na hau bene sai haki. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne a gorunan ruwan sha muke ajiye ruwan soda, ga 'ya'yan kawu ƙanana suna biyowa ta wurin in an taso su daga Islamiyya.

Na taɓa roƙonsa ya sayo mana kayan kariya, ya ce shekararsa 15 a sana'ar nan bai mutu ba, mu yaran yanzu raki ya yi mana yawa. Baba, mutumin nan shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, shi ya biya min makaranta. An sa ranar aurena bayan Babbar Sallah, kuma da albashin nan na dogara. Abokina ya ce in kai ƙara hukuma. In yi shiru ne, ko in bar aikin, ko in kai ƙarar? Ina tsoron a ce na yi butulci.

Wani matashi, Kaduna

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya ba ka lafiya, ya sa albarka a auren da ke tafe.

Kafin mu zo kan kawunka, bari in fara da gorunan nan, domin su ba za su jira a gama shawara ba. Ruwan soda ba shi da launi, ba shi da wani warin da zai gargaɗi yaro. In yana cikin gorar ruwa, yaron da ya taso daga makaranta da ƙishi ba zai ga komai ba sai ruwa. Kurɓa ɗaya ta isa ta ƙone baki da maƙogwaro har zuwa ciki, kuma ko yaro ya tsira, in ƙunar ta warke tabonta kan tsuke hanyar abinci, har ya zama yawu ma da ƙyar yake wucewa. Likitocin yara a ƙasar nan sun san wannan ciwo sarai, mafi yawansa daga gidajen da ake haɗa sabulu yake fitowa. Saboda haka gobe da safe, kafin ka taɓa kowane aiki, ka juye ruwan sodan a jarka mai kauri mai murfi, ka rubuta SODA, GUBA da manyan baƙaƙe, ka ajiye inda ake kullewa, ka huda gorunan ka zubar. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa ko kuɗin kowa, kuma ban ga kawun da zai kira shi rashin kunya ba.

Sai ƙirjinka. Abin da ya kore ku daga ɗakin ran nan iskar kulorin ce. Duk inda bilic ya haɗu da asid, ita ke tashi. Ba ƙaramar aba ba ce, da ita aka kashe sojoji a fagen Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915. In ta taɓa danshin ido da maƙoshi da huhu sai ta rikiɗe ta zama asid a wurin, shi ya sa kuka ji raɗaɗi da hawaye. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu da rabi, don haka ƙasa-ƙasa take kwanciya, wanda ya sunkuya a kan bokiti da ƙaramin yaro su suka fi kwasa. Madarar da kawu ya sayo, na yarda da kyakkyawar niyya ya sayo ta, haka aka saba yi a garejoji da wuraren fenti daga Panteka har Kakuri. Amma madara ciki take tafiya, iskar kuma huhu ta shiga, hanyarsu ba ɗaya ba ce. Tarin mako uku da haki a kan bene ba abin da za a bar wa lokaci ba ne. Akwai mutanen da shaƙa ɗaya mai ƙarfi ke bar musu ciwo irin na asma na tsawon watanni, wasu ma shekaru. Ka je asibiti cikin makon nan, Barau Dikko ko Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada ko wanda ya fi maka kusa, ka gaya wa likita ainihin abin da ya faru: bilic da asid, ɗaki a rufe, rana kaza. Kada ka ce masa kawai kana tari, sai a ba ka maganin mura ka dawo. Wataƙila ya sa a ɗauki hoton ƙirji, a yi maka gwajin hura iska, kuma tunda tarin ya haura mako biyu zai iya neman gwajin tarin fuka, wanda kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ka nuna masa hannuwanka ma. Ka roƙi ya rubuta maka abin da ya gani a takarda, ka adana ta, za ta yi maka amfani nan gaba kaɗan. Ka tafi da yaron nan, don shi ya fi kowa kusa da bokitin.

Yaron ba shi da laifi, ka gaya masa haka da bakinka. Wanda ba a taɓa ce masa wannan da wancan ba sa haɗuwa ba, kuma aka ba shi bokiti ɗaya yana aiki biyu, ba sakaci ya yi ba. Da bai yi ba ran nan, da waninku zai yi wata rana. A ganina ma ɗan shekara 16 ba shi da abin yi a wajen kwaɓi. A bar shi a liƙa takarda da jera kwalabe har ya girma ya koya.

Na tashi a Makera lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana. Muna da wani maƙwabci da ke sashen rini a ɗaya daga cikinsu. Ina yaro nakan ga yana cin tuwo da cokali alhali kowa na sa hannu, sai daga baya na gane yatsunsa ne suka dare, miya ba ta taɓuwa. Ana ba su safar hannu, amma a aljihun wando yake soke ta, wai zafi take sa shi kuma tana rage masa sauri. Da ya manyanta, kafin ladan ya kira assalatu tarinsa muke fara ji ta bayan katanga. Bai faɗi rana ɗaya ba, a hankali abin ya ci shi. Shi ya sa maganar kawunka ta shekara 15 ba ta kwantar min da hankali ba, tausayinsa ma ta ba ni. Hancin da ya daɗe cikin wari yakan daina ji, mai shi ya ɗauka ƙarfi ya yi. Abin da kake shaƙa shi ma shi yake shaƙa, kuma ya riga ka da shekara 13.

Ka dube shi da idon adalci. Mutum ne da ya koyi sana'a da kallo, ya kafa ta da guminsa, yana ciyar da gidaje biyar ban da nasa, ga kuɗin sinadarai na bin dala kullum. In yaron da ya goya ya tsaya gaban ma'aikata ya ce a sayo kaza, abin da kunnensa ke ji shi ne an ce bai iya aikinsa ba. Ba na jin mugunta ce. Sabo ne da tsoron kashe kuɗi da kuma girman kai irin na manya, wanda kowannenmu ke da nasa. Amma riƙon da ya yi maka bai sa huhunka ya zama abin biyan bashi ba. Butulci shi ne ka san abin da zai iya kashe ɗansa ko ya jawo masa asarar dukiya, ka kama bakinka don kada ransa ya ɓaci.

To me za ka nema, in ka tashi nema? Ka san shi dalla-dalla, don kada ka je da "a gyara wurin nan" kawai, wanda ba ya da kai ba ya da gindi.

Babban abu shi ne raba bilic da asid, rabuwa ta har abada. Kowanne da kusurwarsa, da bokitinsa, da mazurarinsa, da muciyarsa. Ku sami fenti ku shafa wa kayan asid ja, na bilic shuɗi, yadda ko wanda bai iya karatu ba zai gane, kuma a daina haɗa su a yini guda in da hali. Garin kulorin kuma a nisanta shi da fetur da baƙin mai da janareta da tsumman da ya sha mai, a kare shi daga rana da danshi, domin in ya haɗu da mai yana iya tayar da gobara da kansa. Wajen kwaɓa soda, ruwa ake fara zubawa, mai sanyi, sannan a riƙa barbaɗa sodar kaɗan-kaɗan ana juyawa. In aka yi akasin haka, zafin da take fitarwa kan sa ta tafasa ta yi tsartuwa a fuska. Haka dokar take ga asid: shi ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa. Kada a kwaɓa soda a tukunyar alminiyam ko ta dalma, tana cin su, kuma tana fitar da iska mai kama wuta. Sannan taga ɗaya ba ta isa ba. Mafi sauƙi a fitar da kwaɓin waje ƙarƙashin rumfa, mai kwaɓawa ya ba iska baya. In dole sai a ciki, a fasa wata taga daura da ta farko, a sa fanka mai zuƙe iska ta fitar. Fankar sama juya warin kawai take yi a kanku. A watannin Maris da Afrilu, da rufin kwano ke zama kamar tanda, a yi kwaɓi da sassafe.

Kayan kariya kuma ba kowanne ba. Safar hannu ta roba mai kauri, doguwa har gwiwar hannu, irin ta naitiril ko PVC, ba 'yar siririyar asibiti ba, ba kuma ta yadi ba, wadda ke shan ruwan ta riƙe maka shi a fata. Gilashin ido mai manne wa fuska ta ko'ina, don tabarau na barin gefe a buɗe. Rigar roba ta gaba, da dogon takalmin roba, a saki ƙafar wando a kansa yadda abin da ya zube ba zai gangara ciki ba. Ƙyallen da kuke ɗaurawa da takunkumin zamanin korona ƙura suke tarewa, iskar kulorin wucewa take abinta. Wanda ke aiki shi ne na roba mai gwangwanayen tacewa a gefe, ka duba wanda aka rubuta ABEK a jikinsa wajen masu sayar da kayan kariya, kuma gwangwanin na ƙarewa, da ka fara jin wari ta cikinsa a sauya. Shi ma taimako ne a kan iska mai wucewa, ba ya maye gurbin taga. Kada a ci abinci ko goro a ɗakin, kuma kayan aiki su kwana a wurin aiki. Kana shirin kawo amarya, kada ka fara kai mata rigar da ta sha soda ta wanke da hannunta.

Da yawa masu sabulun ruwa na ɗiga fomalin don kada ya lalace. In ku ma kuna yi, ka sani cewa tun 2004 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam cutar daji. Akwai wasu abubuwan hana lalacewa da dillalai ke sayarwa, a tambaye su. Kowane sinadari kuma yana da takardar bayanin haɗarinsa mai sashe 16, da ake kira SDS. Ka nema wajen dillali, in ya ce babu, ka rubuta sunan sinadarin da waɗannan haruffa uku a wayarka, za ta fito. Sashe na 4 taimakon gaggawa ne, na 7 ajiya, na 8 kayan kariya, na 10 kuma abubuwan da ba a haɗa shi da su. Ka kuma koya wa abokan aikinka hotunan nan masu jan kewaye da ke jikin duro: ruwa na ɗiga yana cin hannu da ƙarfe, ƙoƙon kai da ƙasusuwa, wuta a kan zobe.

Akwai abin da nake so ku haddace ku biyar ɗin kamar karatun allo, domin ranar da za a buƙace shi babu lokacin tambaya. A ajiye duro cike da ruwa mai tsabta da buta biyu a bakin ƙofa, kullum, kada a taɓa shi don wani aiki. In soda ko asid ya faɗa ido, a buɗe idon da yatsu ko da mutum na ihu, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 da agogo, in soda ce a kai rabin awa, a ci gaba da zubawa a cikin Keke Napep har a isa asibiti. Soda ta fi asid haɗari a ido, don ita ratsawa take tana shiga ciki. Kun yi sa'a Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa na nan garinku ta wajen Mando, amma mintunan farko a bakin duro su ke ceton ido kafin likita ya gan shi. In a fata ne, a kakkaɓe garin in busasshe ne, a tuɓe rigar, a sakar wa wurin ruwa. Santsin nan da kake ji in soda ta taɓa hannunka alama ce fatarka ta fara narkewa. Kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki. In wani ya sha, kada a sa shi amai, don abin zai sake ƙona hanyar da ya bi, kada a ɗura masa manja, a kurkure masa baki a garzaya asibiti da hoton jarkar a waya. In iska ta sake tashi, kowa ya fita ya nufi inda iska ke busowa, kada wanda ya koma ɗauko waya ko rufe bokiti. Wanda ya shaƙa sosai a kai shi asibiti ko ya ce ya warware, domin huhu kan tara ruwa bayan wasu sa'o'i.

Yanzu yadda za ka tunkari kawu. Ba a wurin aiki ba, ba a gaban yara ba. Ka fara da mahaifiyarka, ɗan'uwanta ne, ta san ta inda ake shiga masa. Ka nuna mata hannuwanka da takardar likita. In ita ba za ta iya ba, a nemi wani babba a dangi ko limamin da yake jin maganarsa. Ku same shi a gida bayan isha'i, ya ci ya huta. Ka durƙusa yadda ka saba, ka fara da godiya, kuma kada ka fara da kanka. Ka ce masa: "Kawu, ban isa in koya maka sana'arka ba, a hannunka na koya. Ƙannena nake ji wa tsoro, da kai kanka, da dukiyar da ka sha wahala ka tara. Ga abin da likita ya rubuta. Ka ba ni izini in gyara wurin da hannuna." Ka nemi abu uku kacal a zaman farko: raba kayan asid da na bilic, duron ruwa a ƙofa, da safar hannu da gilashi ga duk mai kwaɓi. In ya kawo maganar tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kada ka yi musu, gaskiya ne. Ka tuna masa a hankali cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali.

Ka kuma nuna masa ribarsa a ciki. Kuɗin kayan nan duka bai kama ƙafar jinyar ido ɗaya ba. In yana burin kayansa su sami lambar NAFDAC su shiga manyan kantuna, sai jami'ai sun zo sun ga ɗakin da ake haɗawa, kuma ɗakin da ka kwatanta min ba zai wuce ba. Ni da kai ne, ba zan jira amsarsa ba, zan cire daga albashin wannan wata in sayi safar hannu da gilashi nawa, in sa su kullum ba tare da na ce wa kowa komai ba. Za a yi maka dariya kwana biyu, a rana ta uku wani zai ce ka ara masa.

Abokinka bai yi ƙarya ba, doka na bayanka. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ɗora wa mai masana'anta samar da iska mai wucewa da kayan kariya da akwatin taimakon gaggawa, kuma Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya na da masu duba masana'antu da ofis a Kaduna. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati, wato NSITF, don a kula da wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo ta dalilin aiki. Ruwan wankin durorinku ma, in kwata kuke sakar wa, Kogin Kaduna yake nufa, kuma wannan hurumin KEPA ne, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna. Amma ban ba ka shawarar ka fara da ƙara ba. In aka rufe wurin, gidaje shida ne za su rasa abinci, zumuncin da zai tsage kuma mahaifiyarka ce za ta kwana da shi. Ƙofar gida ba a ƙwanƙwasa ta ba tukuna yadda ya kamata, roƙo ɗaya ka yi a tsaye a wurin aiki.

Ka ba abin wata guda. In ya karɓa ko da rabi ne, ka zauna ka zama kai ne mai kula da wannan ɓangare, ka koya wa duk sabon yaro kafin ya taɓa jarka. In ya ƙi gyara amma yana son ka zauna, ka roƙi ya mayar da kai wajen kai kaya kasuwa da karɓo kuɗi, musamman in likita ya ce ka nisanci warin, wanda in ya faɗa, to babu ciniki a kai. In ya ƙi wannan ma, ka fara neman wani aikin a natse tun kafin biki, ka yi masa sallama ta mutunci, ka ci gaba da zuwa gaishe shi ranar Juma'a. Wanda ya iya haɗa sabulu ba ya rasa abin yi a garin nan. Ka gaya wa wadda za ka aura halin da ake ciki tun yanzu. Ina kyautata zaton za ta zaɓi a rage kayan lefe ko a ɗaga rana da wata biyu a kan ta tare da miji mai kwana zaune.

Wuri ɗaya ne zan ce ka je hukuma ba tare da jin kunyar kowa ba: in bayan manya sun sa baki aka koma zuba soda a gorunan ruwa inda yara ke wucewa, ko aka ci gaba da sa ƙaramin yaron nan kwaɓi hannu tsirara. A nan hakkin ya wuce naka da na kawu, kuma ka sanar da mahaifiyarka kafin ka tafi.

Ka sake rubuto min bayan ka ga likita. Ina so in ji abin da ya ce game da ƙirjinka da na yaron, da kuma inda gorunan nan suka kwana.